Huɗu Kaɗai Ke Shiga Hoto

To jama'a, ku bar ni in sha ruwa. Tun da na dawo daga bakin tafki ba ni da sakat. In na zauna wurin mai shayi, "Lawali, yaya tafiya?" In na fito masallaci, tun ban sa takalmi ba, "Lawali, an ce kun ci kifi har kun gaji." Har Inna, wadda ba ta kama sunana don ni ne na fari, sai da ta ce, "Kai wannan, wai mi ka gano can ka dawo kana huci?" To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji shi gaya wa wanda bai ji ba. Sunan tungar da munka je ba zan faɗa ba, sunayen mutane kuma na sauya su. Za ku ga dalili.

Kun san ni da kyamara. Ba wanda ya koya mini. Hannun wani mai gyaran rediyo na saye ta kasuwar Yelwa, shi yana ganin ta mutu. Na kwance ta kan tabarma, na maida, sukurori biyu sunka yi saura, kuma har yau tana aiki. Wankin hoto ma a ɗakina nake yi, da bargo a ƙofa da kwanonin Inna uku da ta gaji ta yafe mini. Akwai kuma wata dabara da na gano da kaina, ku riƙe ta don za mu dawo kanta. Fim ɗaya ɗauka talatin da shida anka rubuta a kwalinsa. Amma in ka saka shi cikin duhu, ba ka jawo bakinsa da yawa ba, wurin nan da haske ke ƙonewa sai ya tsira, ka samu ƙarin ɗauka biyu, in ka yi sa'a uku. Ranar da na gano haka, wallahi har rawa na yi ni kaɗai.

To kun san bana ruwa ya ci gonakin mutanen bakin tafki, gero da shinkafa har irin albasa. Sai wani kwamitin agaji ya ce zai ba kowane gida kati. Mai kati yana karɓar hatsi duk wata, kuma akwai rumfa da ake dama wa yara kunu da madara kowace safiya, a ba su magani. Sharaɗin, sai an manna hoton mutanen gidan jikin katin. Masu shagunan hoto na gari sunka ce su ba su shiga jirgi da kayansu. Shi ne akawun kwamitin, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, Malam Bawa, ya zo har zaurenmu.

Ya ce, "Fim uku ne, gida ɗari da takwas. Gida ɗaya, ɗauka ɗaya. Mai gida, uwar gida, da ɗiya huɗu."

Na ce, "In sun fi huɗu fa, Malam?"

Ya ce, "Huɗu anka rubuta."

Ni ko a jikina. Fim uku kyauta! Hankalina na can.

Munka shiga a-kori-kura ta Wara da safe. Malam Bawa gaba, ni baya tsakanin kwandunan banda da ba komi ciki sai wari, da wata akuya. Na rungume kyamara kamar jinjiri, na manta da shuɗin zanen da nake ratayawa bayan mutane in zan ɗauke su. Kafin mu wuce Birnin Yauri akuyar nan ta ci kusurwa guda. Na yi magana, mai ita ya ce, "To ai kai ka ba ta." A hanya na ga matan Kambari da kaya niƙi-niƙi a kafaɗa, kai kuwa ba komi. Na ce wa na kusa da ni, mu a Yelwa da kai ake ɗauka. Ashe Bakambare ne. Ya ce, "Shi ya sa tunaninku bai yi tsawo ba, kun danne shi." Motar duka anka sa mini dariya, har mai akuya.

Sai shinge. Kun san tun da anka yanke mu daga Sakkwato kowa ya samu gora da ganga biyu ya zama hukuma. Wasu mutum uku sunka tsaida mu, ɗayansu ya hangi kyamara.

"Kai, ɗan jarida ne?"

"A'a, ranka shi daɗe, mai hoto ne."

"Ina takardar ɗaukar hoto cikin sabuwar jiha?"

Wace takarda? Shi kansa bai san kamanninta ba. Anka yi ta ja, rana na yi, direba na zagina. Daga ƙarshe babbansu ya ce to a ɗauke su hoto a wuce. Sunka gyara hula, sunka tsaya jikin gora, ɗaya har da ɗora ƙafa kan ganga. Na kunna filasha kaɗai ta yi walƙiya, ban taɓa fim ba. Allah shi yafe mini, sunka yi ta godiya.

A Wara munka jira jirgi har la'asar. Da munka shiga, injin ya yi tari sau biyu ya mutu a tsakiyar ruwa, mai jirgin ya miƙo mini ƙwarya ya ce in dinga kwarfe ruwa tun da ni ne mai ƙuruciya. Yana gyara yana nuna mini da baki, "Nan Kebbi, daga can Neja." Na ce to ina iyakar? Ya ce in tambayi kifi. Lokacin nan rana ta zo faɗuwa, ruwan ya yi ja. Na ce a raina, ai ina da rarar ɗauka biyu, nawa ne, ba na kwamiti ba. Na ajiye ƙwarya, na ɗauki rana sau biyu. Ku riƙe wannan ma.

Masaukinmu ajin firamare ne, rabinsa ba rufi. Mai tunga, wato shugaban wurin, ya sa anka kawo abinci: kifi gasasshe da romon kifi. Da safe kifi. Da rana kifi. Mu a gida tuwo ne abinci, kifi shi ne karramawa a kai. Can kuwa bana abin ya juya. Rana ta biyu anka kawo mana malmalar tuwon dawa guda, ƙarama, an rufe ta da faifai kamar kayan biki, yara na leƙe ta taga.

To aikin. Na rataya zanena a bishiyar mangwaro, na juya wurin da akuya ta ci ƙasa. Gida na farko, mutumin ya zo da matarsa da yara kamar tara. Malam Bawa ya ce, "Zaɓi huɗu." Mutumin ya juya mana baya, ya fuskanci ruwa, ya faɗi wata kalma da Gunganci. Sai yaran sunka kwasa da gudu zuwa zane. Huɗun farko sunka tsaya, sauran sunka koma gefe. Sannan ya juyo ya shiga hoto. Ni dariya na yi, na ɗauka wasa ne. Gida na biyu haka. Na uku haka.

Na tambayi mai tunga. Ya ce su a wurinsu uba ba ya nuna ɗa da yatsa ya ce wannan ban da wannan, kuma ba ya ƙirga su. Wanda ya yi haka ya nuna wa ruwa wanda zai ɗauka. Na ce ai mu ma a Yelwa ba a son ƙirga ɗiya, Inna in an tambaye ta mu nawa ne sai ta ce "suna nan." Amma dai mu ba mu taɓa sa su tsere ba. Ya ce, "Ku an taɓa ce muku ku zaɓi huɗu?"

Wajen gida na talatin wani masunci ya zo, Ɗantani, da matarsa Hajo. Ɗiya maza huɗu, sai mace guda, Kande, ba ta fi shekara biyar ba. Tashinta ke nan daga ƙyanda. Gashin ya yi ja, ƙafafu kamar karan dawa, ta rungume wani ɗan agwagwa. Ɗantani ya juya baya, ya yi kira. Mazan nan huɗu kamar an harba su. Kande ta yi taku uku ta zauna a ƙasa. Na sa ido a kyamara, ga maza huɗu sun cika zane suna dariya, ga ta can gefe inda hoto bai kai ba. Malam Bawa ya ce, "Ɗauka mana, rana na yi." Na danna.

Sai da na danna sannan abin ya faɗo mini. Tun safe wa nake ɗauka? Masu gudu. Wanda ya iya tsere ai shi ne mai sauran ƙarfi. Masu kumburin ciki, masu tari, waɗanda anka kafa rumfar kunun dominsu, su ne duk na bari a gefen zane, gida bayan gida, da hannuna!

Da munka zauna cin abinci na tasa Malam Bawa gaba.

"Malam, wa ya ce huɗu?"

"Na sama, manyan kwamiti. Wai in ba a sa iyaka ba mutane za su yi ta haihuwa don su karɓa."

"Haba Malam! Wa zai haifi ɗa yau don kunun gobe? Kande ta riga ambaliyar nan zuwa duniya da shekara biyar. Ta koma ciki ne?"

"Hatsin ai za su raba."

"Rabon mutum shida a baki goma sha ɗaya? To kunun fa? A rumfa ake sha, sai an dubi fuska an dubi kati. Maganin ma haka."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Lawali, ɗiyana tara. A takardar aikina huɗu anka sani. Sauran biyar ɗin kullum sai sun ci abinci, ba su san ba a san da su ba. Kar ka yi mini wa'azi, ni ba ni na rubuta ba."

Na tashi na sami Ɗantani yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi. Na ce, "Baba, don Allah mi ya hana ka sa Kande? Ita ta fi buƙata." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan birni, miƙo hannunka." Na miƙa. Ya ce, "Yatsa biyar. Faɗa mini wanda zan cire." Na ce ai ba cirewa ba ne, kati ne. Ya ce, "To kai da ka san kati, ka tambayo shi don mi ba ya ƙirga biyar." Kun ji fa. Na dawo wurin Malam Bawa.

Muna nan sai ga wata tsohuwa ta taho tana masifa tun daga nesa, agwagi na biye da ita. Kaka Talatu ake ce mata, ita kaɗai take zaune bayan coci, ɗiyanta wasu sun rasu wasu sun yi nisa. Ashe ɗan agwagwan da Kande ke rungume da shi ma nata ne.

"Kai mai gilashi! Kowa an haska shi ban da ni. Ni ba ruwa ya ci gonata ba?"

Malam Bawa ya ce, "Kaka, fom ɗin mai gida ya ce. Ba ki cikin lissafi."

"Wa ke yi mini jinka? Kai? Wa ke yaɓe? Ni ce mai gida, ni ce uwar gida, in kana son ɗiya ma ga su nan cike da tsakar gidana kullum, sun cinye mini gyaɗa."

Gaskiya ta faɗa. Can yaro duk inda ya ga hayaƙi nan ne gidansu, ba ruwansa da wannan na masallaci ne ko na coci ko na tsafi. Mu a Yelwa in ka ci abinci gidan maƙwabta sau biyu sai Inna ta ja maka kunne. Na dubi Malam Bawa, ya dube ni.

Ya ce, "Ni hoto nake bi. In akwai hoto akwai kati, fom ya yi saura cikin jaka. Amma fim ba ya haihuwa."

Na ce, "Malam, nawa yana haihuwa!"

Na shiga yi masa bayanin bakin fim da haske, har ina zane a ƙasa. Ya ce in bar shi da karatu, nawa za a samu? Na ce biyu ko uku a kowane. Ya ce to na farkon fa, da ya kusa ƙarewa? Nan na tuna da rana. Wallahi ji na yi kamar in nutse. Na ce na farkon ya riga ya tafi. Bai tambaye ni ina ba, Allah shi saka masa.

Matsalar, ina zan sami duhu da tsakar rana a garin da rabin ɗakunansa ba rufi? Mai tunga ya ce in shiga rumbunsa. Anka ɗaga ni, na zura ta sama, anka kife murfi. Jama'a, rumbun da ya kamata a ce na taka gero har wuya, ƙafata ƙasa ta dira. Ko ɓera ya yi ƙaura. Abin da ya rage rina ce, kuma ta same ni a wuya daidai lokacin da fim ke buɗe a hannuna. Ba damar ihu a buɗe, haske zai shiga. Haka na saka shi ina hawaye ina salati. Sau biyu na shiga rumbun nan, kuma rinar ba ta manta da ni ba.

Anka nemo tsofaffin da ke zaune su kaɗai, waɗanda lissafi ya tsallake, mutum biyar har da Kaka Talatu. Kowane tsoho kati ɗaya, yara huɗu su shiga hotonsa kamar ɗiyansa. Saura wa zai zaɓi yaran, tun da ba a nunawa? Nan mata sunka nuna mana su ne masu gari. Ba wadda ta nuna kowa. Sai dai ka ji uwa ta ce wa mai tarin nan, "Je ka kai wa Kaka ludayinta." Wata ta ce wa mai kumburin ciki, "Ɗebo mini wuta gidan tsoho." Yaro ya je aike, ya tarar da ni da zane. Ba a zaɓe shi ba, aikensa anka yi. Fim na biyu ya ba da rarar biyu. Na uku ya ba da biyu, ina fatan na ukunsa.

Kande fa? Ɗantani ya ƙi. Wai a ce ɗiyarsa na cikin katin wani gida, kamar ya kasa. Na yi magiya, mai tunga ya yi, Kaka Talatu ta zage shi tas, ta ce ita ta yanke masa cibiya. Ko gezau. Kaka ta ce to ita ba ta tsayawa hoto sai da Kande, ta riƙe gurbi guda. Ga jirginmu washegari zai tashi da hantsi. Ni kuwa raina ya gama ɓaci, da na sama, da Ɗantani, da rina, da ni kaina.

Da safen nan ina naɗe zane sai ga Ɗantani da koma a kafaɗa. Ya tsaya tsakiyar fili, bai dubi kowa ba, ya ɗaga murya kamar mai shela: "Ni na tafi ruwa. Ba na dawowa sai azahar. Abin da anka yi bayana ban gani ba." Ya juya baya ya nufi jirginsa. Ko bakin ruwa bai kai ba na ji muryar Hajo: "Kande, tashi ki kai wa Kaka agwagwarta."

Na maida zane da sauri. Kaka ta zauna, yara uku gefenta, Kande a ƙarshe da agwagwa. Na ja ɗan ƙarfen da ke tura fim, ya zo rabi ya cije. Fim ya ƙare. Duk mai hoto ya san in ya cije ba a tilasta shi. Na tilasta shi. Na ji ƙarrr, haƙoran fim sun yage, na danna, ta ɗauka. Mi ta ɗauka, Allah kaɗai ya sani.

Dawowa ba abin faɗi, sai dai mutanen shinge sun tare ni suna tambayar hotonsu, na ce yana wanki. Ina isowa gida ko wanka ban yi ba na rataya bargo. Duk hotuna sunka fito tas. Na ƙarshen kuwa ya hau kan wanda ke gabansa. Kaka ta fito, yara uku sun fito. Daidai fuskar Kande rigar tsohon da ke wancan hoton ta zauna, sai inuwa-inuwa, ido ɗaya da kunne. Amma agwagwar, kai! Ban taɓa ɗaukar abu ya fito kamar agwagwar nan ba, har gashinta ana ƙirgawa.

Na kai wa Malam Bawa. Ya kai hoton kusa da tabarau, ya nisanta, ya kuma kusantowa.

"Wannan mutum ce ko aljana?"

"Kande ce, Malam."

"Mai rabon kunu ba za ta gane ta ba."

Na ce to shi ke nan, in sayi fim da kaina in koma. Ya ce jibi ake rufe katuna. Sai ya juya hoton, ya ciro biro, ya rubuta a baya: ta huɗu ita ce mai riƙe da agwagwa. Ya hura hatimi, ya buga.

Ranar kasuwar da ta wuce wata mai kawo banda daga can ta neme ni. Ta ce kullum da safe Kande na zuwa rumfa da agwagwa a hammata. Mai rabo ta dubi kati, ta dubi agwagwa, ta zuba kunu. Ta ce yarinyar ta fara gudu, agwagwar ma ta yi ƙiba don tare suke sha, kuma an gargaɗi Kaka Talatu kar ta kuskura ta yanka ta da Kirsimeti. Kun ji inda munka kai. Yarinya da uwarta da ubanta, da ranta, sai agwagwa ta shaide ta kafin ta sha kunu.

Yara ashirin munka shigar ta wannan hanya. Waɗanda sunka rage a gefen zane sun fi haka, ban ƙirga ba, ni ma na koyi rashin ƙirgawa. To masu tambaya ko tafiya ta yi daɗi, ku shigo ɗakina. Ga hoton faɗuwar rana guda biyu can a bango, kowa ya gani sai ya ce, "Kai Lawali, wannan ya yi kyau!" Ku daina ce mini ya yi kyau. Ɗauka biyun nan gurbin yara takwas ne.